Injin M3 na gaba: abin da shekaru arba'in na tarihi ke faɗa

Duk lokacin da kamfanin BMW ya kusa sabunta motarsa M3, sai muhawara ta kaure tsakanin masu sha'awar motoci. Wasu su ce silinda shida za a bari, wasu su ce batir za a ƙara, wasu kuma su rantse cewa zamanin fetur ya ƙare. Mai son ya yi hasashen da ke da tushe sai ya waiwayi baya, domin tun daga 1986 motar ta sauya nau'in inji sau da yawa, kuma kowane sauyi yana da dalilin da ya tilasta shi. Sau tari dalilin daga wajen masana'anta yake fitowa: dokar tsere, gogayyar kasuwa, ko dokar hayaƙi.

An haifi M3 ne saboda wata ƙa'idar tseren motoci. A shekarun 1980, rukunin tseren da ake kira Group A ya gindaya sharaɗi cewa ba za a shigar da mota gasa ba sai kamfaninta ya ƙera aƙalla guda 5,000 irinta cikin wata goma sha biyu, waɗanda kowa zai iya saye ya hau titi da su. Mercedes-Benz ta riga ta fito da 190E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya taya ta aikin kan injinta. BMW ta ga ba za ta zuba ido ba. Injiniyanta Paul Rosche da abokan aikinsa suka ɗauki gangar wani inji mai silinda huɗu da kamfanin ya daɗe yana amfani da shi, suka ɗora masa kan da aka kwaikwayo daga babban injinsu mai silinda shida bayan an rage silinda biyu. Abin da ya fito shi ne S14, mai lita 2.3 da ƙarfin doki 200.

An zaɓi silinda huɗu ne don gajarta da rashin nauyi, kuma gajeren inji yana jure juyawa da tsananin sauri, abin da filin tsere ke buƙata. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A 1987 Roberto Ravaglia ya ci gasar duniya ta irin waɗannan motoci da M3, a wannan shekarar kuma Eric van de Poele ya ci gasar DTM ta Jamus. Motar da aka ƙera don cika sharaɗin guda 5,000 sai da aka sayar da kusan 18,000 nata. A nan kamfanin ya gane cewa akwai kasuwa ta mutanen da ke son motar da za su kai yara makaranta da ita da safe, su kuma taka totur idan hanya ta buɗe.

Daga nan kasuwa ta karɓi ragama. M3 ta biyu, wadda ta fito a 1992, ta zo da silinda shida a jere, lita 3.0 da doki 286, daga baya aka ƙara ta zuwa lita 3.2 da doki 321. A wannan zubin ne aka fara yin ta da ƙofa huɗu, a 1994. Silinda shida a jere yana da wata baiwa ta ƙira: motsin fistin ɗinsa yana soke juna, don haka injin ba ya jijjiga kamar mai silinda huɗu. Wani abin lura shi ne Amurka ba ta samu wannan inji ba. An aika mata mai doki 240, wanda ya fi arha, saboda kamfanin yana tsoron farashi zai kori masu saye. Tun a lokacin, ke nan, lissafin kuɗi yana da ta cewa a kan abin da ke ƙarƙashin bonet.

Zubi na uku, na shekarar 2000, ya kai wannan tsari ƙololuwa da injin S54 mai lita 3.2 da doki 343, wanda ke juyawa har wajen sau 8,000 a minti ɗaya ba tare da turbo ba. Bayan shi sai aka shiga gasar girman inji. Audi ta sa V8 a RS4, Mercedes ta cusa V8 mai lita 6.2 a C63. BMW ita ma ta fito a 2007 da nata V8 mai lita 4.0 da doki 420, wanda aka samo daga V10 na M5 ta hanyar rage silinda biyu, kusan dabarar da aka yi wa S14 shekara ashirin kafin nan. Masu ra'ayin riƙau sun yi ƙorafi cewa an ci amanar silinda shida, sun manta cewa motar da silinda huɗu ta fara.

V8 bai wuce zubi ɗaya ba, kuma abin da ya kashe shi doka ce. A 2009 Tarayyar Turai ta kafa iyaka kan matsakaicin hayaƙin kabon da sababbin motocin kowane kamfani za su riƙa fitarwa, daga baya aka matse ta zuwa giram 95 a kowace kilomita, tare da tara ga wanda ya zarce. Babban inji mai shan mai ya zama kaya. A 2014 M3 ta koma silinda shida, lita 3.0, amma da turbo biyu. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata farfela da ke danna ƙarin iska cikin silinda, ta yadda ƙaramin inji zai yi aikin babba. Ƙarfi ya hau zuwa doki 431, shan mai ya ragu, amma turbo yana danne amon inji, har sai da aka riƙa taimaka masa da sauti ta lasifikar cikin mota. Zubin da ke kasuwa tun 2021 ya ci gaba da wannan tsari, da doki 480 ko 510 a lokacin fitowarsa. Nauyi ma ya yi ta hawa: M3 ta farko tana wajen kilo 1,200, ta yanzu ta haura 1,700.

Yanzu dokar ta ƙara tsauri. A 2023 Tarayyar Turai ta amince cewa daga 2035 sababbin ƙananan motoci ba za su fitar da hayaƙin kabon ba, ko da yake kamfanoni da gwamnatin Jamus suna ta matsa lamba a sassauta. Ga kuma ƙa'idar Euro 7 da ke tafe. Wannan ya bar wa injiniyoyi hanyoyi uku, kuma biyu daga ciki an riga an gwada su a gaban jama'a.

Hanya ta farko ita ce a ƙanƙanta inji a cike giɓin da lantarki. Mercedes-AMG ta bi ta a 2022, lokacin da ta cire V8 daga C63 ta sa silinda huɗu mai lita 2.0 haɗe da motar lantarki da batir. A takarda babu abin kushewa, domin jimillar ƙarfin ta kai doki 680, fiye da duk wata C63 da ta gabata. Amma nauyin motar ya wuce tan biyu, kuma rurin da aka san ta da shi ya ɓace. Masu sharhi sun yi mata sanyi-sanyi, tsofaffin masoyanta da dama suka juya baya. Darasin a fili yake: mai sayen irin wannan mota ba adadin dawakai kaɗai yake biya wa kuɗi ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar babban inji a ƙara masa batir mai caji. BMW da kanta ta yi haka da M5 ta 2024, mai V8 na lita 4.4 da jimillar doki 727. An tsira da amon inji, an kuma samu ƙaramin adadin hayaƙi a gwajin hukuma, amma motar ta haura kilo 2,400. M5 babbar mota ce ta doguwar tafiya, tana iya ɗaukar wannan nauyi. M3 kuwa sunanta a kwana ta yi shi, kuma nauyi shi ne babban abokin gabar kwana da burki da taya.

Hanya ta uku ita ce a raba gari biyu, kuma alamu sun nuna nan BMW ta dosa. Shugaban sashen M, Frank van Meel, ya bayyana cewa ana gina M3 mai aiki da lantarki zalla a kan sabon tsarin kamfanin da ake kira Neue Klasse, da motar lantarki huɗu, ɗaya ga kowace taya, yayin da mai amfani da fetur za ta ci gaba a gefenta. Hasashen da ya fi dacewa da tarihi shi ne ta fetur ɗin za ta riƙe silinda shida a jere, da ɗan taimakon lantarki marar nauyi don ta wuce Euro 7. Dawowar V8 zai yi wuya saboda doka, silinda huɗu kuma Mercedes ta riga ta nuna inda yake kai mutum. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan shawara da ake yankewa a Munich ba za ta tsaya a Turai ba. Yawancin motocin Jamus da ke yawo a Abuja da Kano da Yamai sun yi shekaru a hannun wani kafin su iso. Injin fetur mai silinda shida abu ne da gogaggen bakanike zai iya buɗewa ya gyara. Motar da ke ɗauke da babban batir mai shekara goma tana buƙatar na'urar bincike, da kayan gyara masu tsada, da wutar da za a dogara da ita. Abin da aka zaɓa yau shi zai ƙayyade irin motar da za ta shigo kasuwar hannu nan da shekara goma, da kuma ko za a iya riƙe ta.

Idan BMW ta fito da motocin biyu a lokaci guda, zai zama karo na farko a tarihin M3 da mai saye zai zaɓi irin injin da yake so a ƙarƙashin suna ɗaya. A baya dokar tsere ta zaɓa masa, sannan gogayya, sannan dokar hayaƙi. Adadin da aka sayar na kowace cikin shekaru biyu ko uku na farko shi zai nuna wa kamfanin ko silinda shida yana da sauran zubi ɗaya a gaba.