Labaran Mulkin Danniya a Adabin Hausa

Labarin mulkin danniya, wanda masana adabi ke kira distofiya, ƙagaggen labari ne da ake ginawa a kan wata ƙasa da masu iko suka shaƙe wa wuya, har suka mallake abin da mutum zai ci da abin da zai faɗa, wani lokaci har da abin da zai tuna. Galibi akan sami mutum ɗaya ko 'yan tsiraru da ke yunƙurin ƙwatar kansu, kuma ba kasafai suke kai labari ba. Marubutan Turai sukan jefa labarin can gaba, a zamanin da bai zo ba tukuna. A ƙasar Hausa kuwa ta gona ya shigo, a hannun wani mutumin Funtuwa.

Salon ya kafu ne a farkon ƙarni na 20. Yevgeny Zamyatin, Barashe, ya rubuta wani littafi wajen 1920 a kan wata ƙasa da mutane ba su da suna sai lamba, gidajensu na gilashi ne don kada kowa ya ɓoye komai. Ba a yarda an buga shi a Tarayyar Sobiyet ba, sai da ya fara fitowa da Turanci a Amurka a 1924. Aldous Huxley ya biyo baya a 1932 da duniyar da ake lallashin mutane da ƙwaya da jin daɗi maimakon bulala. Sai George Orwell, wanda ya taɓa zama ɗan sandan mulkin mallaka a Bama, saboda haka ya san danniya daga ɓangaren mai riƙe da kulki. Ya fitar da Animal Farm a 1945, sannan Nineteen Eighty-Four a 1949. Na farkon habaici ne ga juyin juya halin Rasha da mulkin Stalin, kuma a lokacin yaƙin cacar baka gwamnatocin Ingila da Amurka sun zuba kuɗi wajen yaɗa shi cikin harsuna da dama. Fassarar Suwahili ta fito a 1967.

Ta Hausa ta fito a 1975 da sunan Gandun Dabbobi, aikin Bala Abdullahi Funtuwa, bugun maɗaba'ar Jami'ar Ibadan. Bai tsaya juya kalma da kalma ba, ya ɗauko gonar dungurungum ya dasa ta a ƙasar Hausa. Mai gonar ya koma Nomau. Tsohon aladen da ya yi mafarkin 'yanci ya zama Dattijo, wanda ya ƙwace mulki Maitumbi, abokin hamayyarsa da aka kora da karnuka Ɗantulu, dokin nan mai aikin tuƙuru kuma Akawal. Labarin dai shi ne: dabbobi sun kori mai gona, sun rubuta dokokinsu a bango, sannan aladu suka riƙa gyara dokokin da dare ɗaya bayan ɗaya. Da safe dabbobin sukan tsaya gaban bangon suna shakkar ko su ne suka manta. Akawal ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga mahauta, aladu suka sayi giya da kuɗin.

Mai karatu a Maska ko Bakori ko Malumfashi ba ya buƙatar sanin waye Stalin kafin ya gane wannan. Yankin ƙasar auduga ne, kuma Maska ta yi suna da saƙa tun kafin zuwan Turawa. Da Turawa suka zo, kamfaninsu na auduga ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, daga baya hukumar sayen amfanin gona ta riƙa yanke farashi ita kaɗai. Manomi zai yi sammako da jakinsa zuwa kasuwar auduga, malamin awo ya cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya duba, ya ce lamba biyu ce, shi ke nan magana ta ƙare. Daga kuɗin nan ne za a cire haraji, Bafillace kuma ya biya jangali, ga aikin gonar masu sarauta da akan tara talakawa su yi ba lada. Wanda ya ɗaga murya akwai dogarai da 'yan doka da kotun alƙali. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, a kan waɗannan abubuwa ta gina gwagwarmayarta, kuma magoya bayanta da yawa sun sha ɗauri da bulala a garuruwan Arewa. To amma abin da ya fi cizo a littafin shi ne rabinsa na biyu, inda waɗanda suka kori azzalumi suka gaje kujerarsa da bulalarsa. A 1975 an yi shekara 15 da samun mulkin kai, soja ke mulki tun 1966, kuma a Yulin shekarar ne Murtala Muhammad ya karɓi mulki daga Yakubu Gowon. A daidai lokacin ne kuma aka soma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda masu bincike suka nuna cewa manyan manoma ne suka fi cin gajiyarsa. Littafin ya shiga makarantu, ɗaliban Hausa da yawa sun karanta shi don jarrabawa, wasunsu ma sun daɗe ba su san daga Ingila ya taso ba.

Ba shi ne farkon zancen zalunci a rubutun zube na Hausa ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna bauta da fataucin bayi ta Sahara, da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Sai dai waɗannan baya suke duba. Wanda ya leƙa sararin samaniya, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, yawon buɗe ido ne na yaro, ba ƙasar danniya ya zana ba.

Farkon shekarun 1980 ne marubuta suka fuskanci zamaninsu kai tsaye, kuma 'yan Katsina ne a gaba. Lokaci ne mai zafi. Gwamnonin jam'iyyar PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, sun soke haraji da jangali. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman Bakalori da ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. A Yunin 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, lokacin Funtuwa tana cikin Jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke Jihar Katsina. Sulaiman Ibrahim Katsina ya ci gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da Turmin Danya, wanda ya fito a 1982, labarin attajirin ɗan fasa-ƙwauri da ya saye hukuma da kuɗi. A 1983 ya fitar da Tura Ta Kai Bango, inda talakawa ke arangama da masu kuɗi da masu sarauta a fagen siyasa. Gasar nan ce kuma ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mafi duhu a cikinsu: Mailoma da gungun mutanensa, bayan yaƙin basasa, sun kafa daular ƙwaya da makamai inda rai bai kai kobo ba. Idan akwai littafin Hausa na wancan zamani da ya cancanci a jera shi da na su Orwell wajen tayar da tsigar jiki, shi ne. Mai karanta shi yau daga Faskari ko Sabuwa, a kudancin Katsina inda 'yan bindiga ke ɓarna, zai ga kamar marubucin ya hango abin da ke tafe.

Bayan nan kasuwa ta karkata ga littattafan soyayya na Kano, kuma su ne suka ɗanɗani abin da Ray Bradbury ya ƙaga a 1953 game da ƙasar da ake ƙone littattafai. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, ƙungiyoyinsu suka yi ta ja da hakan.

Har yanzu labarin da aka kafa a wata ƙagaggiyar ƙasa ta gobe bai yawaita a Hausa ba, saɓanin Larabci, inda Ahmed Khaled Tawfik na Masar ya fitar da nasa a 2008, Basma Abdel Aziz kuma a 2013. Rubutun ya koma waya, a Wattpad da zaurukan WhatsApp da Facebook, inda hannun mai tacewa bai cika kaiwa ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ta fito da gajerun labarai a kan gudun hijira da garkuwa da mutane. A wasu ƙauyukan kudancin Katsina 'yan bindiga kan aza wa manoma kuɗi kafin su bar su su yi shuka ko girbi, kuma irin wannan rayuwa ce marubutan yanzu suke ɗauka kai tsaye su mayar labari.