Kwalli, Galan Da Tambulan: Tarihin Wasu Kalmomin Sha A Turanci

Idan Bature ya tambaye ka "Do you drink?" kada ka yi saurin cewa e don kana shan ruwa da kunu. Ba wannan yake tambaya ba. A Turancin yau da kullum, in aka ce drink ba a ambaci abin da ake sha ba, to barasa ake nufi. Mu ma ai haka muke yi: da ka ji an ce wane mashayi ne, ka san ba fura ake magana ba. Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe wajen fassara, musamman idan aka kira sunan mazubi alhali abin da ke ciki ake nufi.

Ɗauki kalmar pint. Asalinta ma'auni ne, kashi ɗaya cikin takwas na galan. Amma idan mutumin Ingila ya ce wa abokinsa su je su sha pint, giya yake nufi, cikin kofin gilashi mai wannan awo. Har yau ɗin nan, duk da Birtaniya ta koma awo da lita a yawancin kayayyaki, giyar da ake tsiyayowa daga ganga a mashaya da pint ake auna ta. Haka kuma bottle: in ka karanta cewa wani ya "hit the bottle", ba kwalba ya doka ba, shan barasa ya tsunduma ciki. Na taɓa ganin an fassara shi da "ya fasa kwalba", labarin duk ya rikice.

To ga wani abin da zai ba ka mamaki. Pint na Ingila mililita 568 ne, na Amurka kuwa 473. Dalili? A da can Ingila tana da galan iri-iri, na giya daban, na ruwan inabi daban. A 1707, zamanin Sarauniya Anne, doka ta tsayar da girman galan na ruwan inabi, kuma shi Amurkawa suka riƙe. A 1824 sai Birtaniya ta soke tsofaffin ta kafa sabo guda ɗaya, mai kusan lita huɗu da rabi. Amurka ta riga ta sami 'yanci, ba ruwanta da sabuwar doka, ta ci gaba da tsohon nata mai lita 3.8 ba kaɗan. Da kalmar ta shigo Hausa ta zama galan, sai ta tashi daga ma'auni kawai ta zama sunan mazubin kansa, wanda ake zuba man gyaɗa ko fetur.

Ita kanta kalmar alcohol fa? Tushensu ɗaya da kwallin da ake rambaɗawa a ido. Daga Larabci ne, al-kuhl, wato garin kwalli. Turawa sun aro ta, a ƙarni na 16 tana nufin duk wani gari mai laushi ƙwarai da aka tace. Daga nan ma'anar ta zarce zuwa duk abin da aka tace aka fitar da ainihinsa, har aka riƙa kiran ruwan da ake tatsowa daga giyar inabi da wannan suna. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 ma'anar garin ta dusashe, ta bar ta abin maye. Mu dai mun riƙe ta a ma'anarta ta farko.

Sunayen barasar da kansu yawancinsu aro ne. Whisky daga harshen mutanen Ailan da Sikotilan ne, ma'anarsa "ruwan rai". Brandy daga Holanci, "ƙonannen ruwan inabi", saboda da wuta ake tace shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce groggy. Yau idan mutum ya tashi cikin magagin barci sai ya ce yana jin groggy, kuma babu wanda zai zarge shi da shan komai. Amma a 1740 wani babban hafsan sojan ruwan Birtaniya, Edward Vernon, ya ba da umarni a riƙa sirka barasar rum da ake raba wa sojojinsa da ruwa, don maye ya yi musu yawa. Suna yi masa laƙabi da Old Grog saboda wata rigar yadi mai kauri da yake yawan sawa, sai suka laƙaba wa sirkin sunan. Wanda ya sha har yana tangaɗi shi ne groggy. Ba a daina wannan rabo ba sai a 1970.

Sai tambulan. Daga tumbler ne, kuma tumble faɗuwa ce ko mirginawa. Masu ƙamus sun bayyana cewa na farko-farko, a ƙarni na 17, gindinsu a zagaye yake ko mai tsini, ba ya zama a kan tebur, dole sai ka shanye kafin ka ajiye. Daga baya aka baje gindin, sunan bai canja ba. Ko da ya iso gare mu ya riga ya iya zama daram, shi ne ake ɗauko wa baƙo cike da ruwan sanyi ko zoɓo.