Sarewa da Goge: Me Ya Hana Su Zama Ɗaki Ɗaya?

A ƙarshen ƙarni na 18, mawallafan kiɗa na Turai irin su Franz Anton Hoffmeister (1754–1812) sun yi ta rubuta kiɗan mutum biyu, ɗaya da sarewa, ɗaya da gogen Turawa. Hoffmeister yana da kamfanin ɗab'i a Biyana, kuma masu sayen takardunsa mutanen gari ne da ke kiɗa a ɗakunansu don nishaɗi. Kasuwa ce ta zaunar da kayan nan biyu wuri ɗaya, domin ma'abotansu 'yan aji ɗaya ne, sau da yawa 'yan gida ɗaya.

Mu ma muna da kayan biyu, kuma a yankin Gangara da Jibiya na ƙasar Katsina ba baƙi ba ne. Amma da wuya a ji su tare, kuma ra'ayina shi ne ba sauti ya raba su ba. Sarewa abokiyar makiyayi ce, shi kaɗai a daji bayan shanunsa, ba ya jiran kari daga kowa. Goge kuwa, ƙwarya da fata da izgar doki, sana'a ce ta taro: masu ƙwarya na amsawa, ana yi wa makaɗi kari, kuma sunansa ya daɗe a haɗe da bori da gidan magajiya.

Wannan haɗin shi ya jawo masa tsangwama. Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, sarautar Haɓe ta Katsina ta yi hijira arewa, ta kafu a Maraɗi, inda bori ya ci gaba da samun mazauni a fada ƙarƙashin Iya, shugabar 'yan bori. A kudu kuwa malamai sun ƙyamace shi, goge ya koma gefen gari. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata daga baya ta bi kusan wannan tsohon tsagi ne.

Wani zai ce ai rubutu ne ya ceci kiɗan Turai, mu ba mu rubuta namu ba. Gaskiya ne, amma rubutun irin wannan kiɗan na ɗaki ya zo ne bayan an yarda ɗan mutunci ya riƙe kayan kiɗa a gidansa. Wannan yardar ce goge bai samu ba a nan. Shi ya sa duk mai son nazarinsa da gaske dole ya bi hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya ɗauki sautin tsofaffin makaɗa tun suna raye.