Saint-Véran: ƙauyen da hanya ta kwashe wa mutane

A kudu maso gabashin Faransa, dab da iyakar Italiya, akwai wani ƙauye mai suna Saint-Véran a yankin Queyras, cikin duwatsun Alp. Yana zaune a tsayin mita 2,042, wato ya ɗan zarce ƙololuwar Bagzan ta Ayir, wurin da ya fi ko'ina tsayi a Nijar. Dusar ƙanƙara na rufe shi kusan rabin shekara. A da, idan sanyi ya kama, iyali da dabbobinsu ɗaki guda suke kwana don su ji ɗumi.

A tsakiyar ƙarni na 19 mutanensa sun kai wajen 800. Gonakin hatsi da ciyawa da ke rataye a jikin dutse ba su iya ciyar da wannan jama'a, sai maza suka riƙa tafiya cirani da zarar an gama girbi. Wasu talla suke yi. Wasu kuwa, abin da ya kamata malamai su lura da shi, koyarwa ce hajarsu. Tun daga 1343 al'ummomin wannan yanki suka sayi ƴancin tafiyar da harkokinsu daga hannun mai ƙasar, Humbert na Biyu, kuma ƙauyuka da kansu suke biyan malami ya karantar da yara a watannin da ba a noma. Yaron da ya ƙware sai ya sauka kasuwannin kwari neman garin da zai ɗauke shi. Alamarsa alƙalamin gashin tsuntsu a hula: ɗaya ga mai koyar da karatu, biyu ga mai haɗawa da lissafi, uku ga wanda ya iya Latin. Har Victor Hugo ya ambaci waɗannan malamai na Queyras a littafinsa Les Misérables na 1862.

Duk wannan da ƙafa da alfadari ake yi, don mashigin kogin Guil ƙunci ne da shi, ga hatsari. A 1856 aka fasa hanyar da keken doki zai iya bi, jirgin ƙasa kuma ya iso tashar Mont-Dauphin, a bakin kwarin, a 1883. An zaci arziki zai hawo. Mutane ne suka gangara. Ɗan cirani da ke komowa kowace bazara ya zauna a Marseille, ya aiko a kawo masa iyali. Yaƙin 1914 ya ci samari, ambaliyar Yunin 1957 ta lalata hanyoyi da gadoji, ma'adinar tagullar da ake haƙa tun zamanin da can ita ma aka rufe ta ba da jimawa ba.

Yau mazaunan dindindin ba su kai 300 ba, kuma baƙi masu yawon buɗe ido ne abincinsu. A lokacin sanyi ana rufe mashigan Agnel da Izoard, hanyar Guil kaɗai ke saura. Ta nan yaran ƙauyen ke gangarawa Guillestre idan sun gama firamare.