Ba Tudu Ne Ya Hana Dogo Zuwa Damagaram Ba

Kakana falke ne a unguwar Zango ta Damagaram, ya yi shekaru yana kora jakuna da kirgi da kanwa zuwa Kano. Ina yaro, labarin da ya fi son ba mu da dare shi ne na ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa. Ba ƙarar ce ta ba shi mamaki ba, ba kuma hayaƙin ba. Hanyar ce ta tsaya masa a rai: inda tudu yake an yanke shi, inda kwari yake an cike shi, kuma ba ta karya kwana irin ta mutane, sai dai ta lanƙwasa a hankali kamar baka. Yakan ce da ni, "Jikana, dabba ce mai ƙarfin raƙuma dubu, amma tana tsoron hawan da jakina yake yi yana tsinkar ciyawa."

Sai da na zama malamin lissafi na gane tsohon ya hango tushen aikin shimfiɗa dogo. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, hanyarsa ƙarfe ce, santsi ya haɗu da santsi. Shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ƙarfin kilo 2 ko 3 ya isa ya ja tan guda. Amma da zarar hanya ta tashi mita 1 a cikin mita 100, hawan da ido bai cika lura da shi ba, kowane tan sai ya nemi ƙarin kilo 10. Aikin kan jirgi ya ninka sau huɗu zuwa shida ke nan. Hawa guda mai tsanani kuma shi yake yanke wa layi duka hukunci, domin ba a ɗora wa jirgi kayan da ba zai iya haye wurin da su ba, ko da sauran hanyar kamar tabarma take.

Kwana ma da nata sharaɗin. Na taɓa tsugunawa a wata kwana kan layin Kano zuwa Nguru, na kwantar da kai na daidaita ido da ƙarfen. Na waje ya ɗara na ciki tsayi da kamar yatsu biyu. Da gangan aka yi haka, don jirgi ya kishingiɗa ciki, kamar yadda mahayi yake karkata in doki ya sha kwana a guje. Ba a faɗa wa kwana kai tsaye, sai an fara da ɗan lanƙwasa da yake ƙaruwa sannu a hankali, ƙarfen waje yana tashi tare da shi. In kuma ana son ninka gudun jirgi sau biyu, sai an buɗa kwanar sau huɗu.

Mu a Damagaram, a da rijiya ce take zana mana hanya. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma ƙera igwa kafin rasuwarsa a 1884, ayarin Tarabulus yakan biyo ta Agadas ya yada zango a nan kafin ya wuce Kano, ya koma da fatu da gashin jimina. Madugu da jagaba sun san inda rairayi yake cin ƙafar raƙumi da inda ruwa yake kusa, kuma saboda ruwan suke karkata hanya.

Faransawa, waɗanda suka ci Damagaram a 1899, sun daɗe suna mafarkin dogon da zai ratsa Sahara. Tun a 1881 aka hallaka Kanar Flatters da mutanensa a hamada suna neman masa hanya. A 1941 aka sake tayar da aikin daga Aljeriya, ya tsaya bai yi nisa ba. Ingilishi kuwa suka ba Percy Girouard gwamnan Arewacin Najeriya a 1907, injiniyan da ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. Daga Baro a bakin Kwara aka kama aiki, a 1911 ƙarfe ya iso Kano, mil 356. Siririn layi aka zaɓa, mai faɗin milimita 1,067, domin yana jure matsattsiyar kwana. Maimakon a fasa dutse sai a kewaye shi, kuɗi ya ragu. Araha ta ranar nan ita ce tafiyar hawainiya da aka gada daga baya.

A wannan shekara ta 1911 aka mai da Damagaram hedikwatar Nijar, a cikinta kuma kasuwancinta na hamada ya kama hanyar mutuwa, don kayan da raƙumi yake wata da watanni da su sai jirgi ya kai Ikko cikin kwanaki. A 1926 hedikwata ta koma Yamai. Dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, duka biyun suka ja birki kafin iyaka. Gyaɗar Magarya da Matameye sai dai a kai masa ita Kano a bayan raƙumi, daga baya a mota.

To, me ya tsayar da shi? Lissafi ya wanke ƙasarmu. Kano da Damagaram duk suna tsakanin mita 450 da 500 bisa teku, tazararsu kuwa kimanin kilomita 240. Akwai kwarin Korama da tuddan rairayi, akwai duwatsun da suka rungume Birni, amma wannan aikin gada ne da ciko da buɗaɗɗiyar kwana. Ai saboda kuza an hau da ƙaramin layi daga Zariya har tsaunin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, tun kafin 1915. Abin da ya tare mu layi ne na takarda, iyakar da Ingila da Faransa suka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908. Kowa ya ja dogonsa zuwa tasa tashar ruwa. Na Faransa mai faɗin mita guda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, ko faɗinsu bai zo ɗaya ba balle su gaisa.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, mai faɗin milimita 1,435, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daura kuwa maƙwabciyarmu ce. Kirana ga ɗaliban Jami'ar André Salifou da duk yaron Damagaram mai son lissafi: ku koyi awon hawa da gangara, ku koyi zanen kwana. Ranar da za a ja reshe zuwa garin nan, ya kasance jikokin madugai ne suke riƙe da ma'auni. Allah Ya nuna mana.