Shola Ameobi, ɗan Zariyan da muka yi wa dariya

A gidajen kallon ƙwallo na Gyallesu da Tudun Wada, shekarun da janareto ke ruri muna cunkushe a kan benci, in aka ɗaga allo za a sako Shola Ameobi sai dariya ta tashi. Dogo ne, gudunsa kamar mai jin nauyin ƙafafunsa. Kaɗan daga cikinmu suka san cewa a Zariya aka haife shi, ran 12 ga Oktoba 1981.

Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Newcastle a arewacin Ingila. Can ya tashi, ƙungiyar garin ta ɗauke shi tun yana yaro, kuma a Satumba 2000 koci Bobby Robson ya sako shi wasansa na farko da Chelsea. Rashin sa'arsa ɗaya ce: a gabansa akwai Alan Shearer. Wanda yake jiran Shearer ya gaji, zai daɗe a benci. Da Shearer ya yi ritaya a 2006, ciwon ƙugu ya kai Ameobi ga tiyata, ƙungiyar kuma ta yi ta sayo wasu 'yan gaban ana ɗora su a kansa.

Mu da muke aikin kwamfuta mun saba gaskata alƙaluma, kuma nasa ba su da daɗin gani: ƙwallo 79 a wasa 397, wato kusan ɗaya a duk wasa biyar. Sai dai lissafin bai nuna cewa da yawan wasannin nan canji ya shigo ba, wani lokacin saura minti goma. Bai kuma nuna ragar wa ya zura wa ba. Ya ci Barcelona a Camp Nou a Disamba 2002, ya ci Bayer Leverkusen biyu a Jamus bayan wata biyu. Sunderland kuwa, maƙwabtan da Newcastle ta fi ƙi, sau bakwai ya ci su, biyu daga ciki ranar da aka yi musu 5-1 a Oktoba 2010. Da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2009 manya suka watse, shi bai tafi ba.

Batun Najeriya ne ya fi ci mana rai. Ya riga ya buga wa Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21, don haka sai da FIFA ta sassauta dokar sauya ƙasa a 2009 kafin hanya ta buɗe masa. Stephen Keshi ya sa shi wasan farko da Venezuela a Nuwamba 2012, yana da shekara 31. Kofin Afirka na 2013 da muka ci, ba ya cikin tawagar. Ya dai samu zuwa Kofin Duniya na Brazil a 2014, inda ya shigo canji a wasan Iran da aka tashi babu ci. A ganinmu mun same shi ne bayan ƙarfinsa ya fara tafiya, sannan muka yi masa hukunci da abin da ya rage.

Ko don sunansa Foluwashola ne ba mu taɓa cewa namu ba ne? Zariya cike take da irinsa, 'ya'yan malamai da ma'aikata da aka haifa a Samaru, Wusasa da Sabon Gari, suka tafi ba mu riƙe sunayensu ba.

Ya bar Newcastle a 2014, ya ratsa Turkiyya, Crystal Palace, Bolton da Fleetwood, ya ajiye takalmi a Notts County a 2018. Shekara ɗaya bayan nan Newcastle ta dawo da shi, ta ba shi kula da matasan da take bayarwa aro, yaran da ke jiran a sako su.