Dillanci da Gwanjo a Kasuwannin Ƙasar Haɗeja

Sayar da kaya ga wanda ya fi tayi tsohuwar al'ada ce a kasuwannin ƙasar Haɗeja, har da na Kafin Hausa da ƙauyukanta. Makiyayin da ya kawo sa ko rago ba kasafai yake ciniki da bakinsa ba. Dillali yake damƙa wa igiya. Masu saye su yi ta tayawa, wannan ya ɗora a kan na wancan, dillali na cewa "albarka", har kuɗi ya kai inda mai dabba ya yarda a sallama. Ladan dillali shi ne la'ada, wadda a cinikin dabbobi galibi mai saye ke biya.

Ba kuɗin surutu ba ne la'ada, kuɗin lamuni ne. Idan dabba ta zamo ta sata, ko kuɗi ya maƙale, dillali ake kamawa, shi ya sa baƙo ba ya shiga sana'ar sai da sanin shugabannin kasuwa. Fiƙihun Malikiyya ya halatta irin wannan ciniki na ƙarin tayi, amma ya hana mutum ya ɗaga farashi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a ruɗi wani. Ya kuma hana shiga cinikin da aka riga aka daidaita. A cikin gidaje dillaliya ce ke yawo da zannuwa da kwanukan matan kulle.

Isar layin dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930 ta faɗaɗa harkar. Ta tashar Malam Madori gyaɗa da fatu da dabbobin yankin suka riƙa gangarawa kudu, inda fatoma ke sauke fatake, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya wa bashin da mahauta ke ɗauka ba tare da takarda ba. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari na unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969.

Gwanjon hukuma daban ne: kotu ko kwastan ke sayar da kayan da aka ƙwace a bainar jama'a. A 2017 Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta mayar da nata gwanjon kan intanet.

Shafukan gwanjo, irin eBay da Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, aikin dillali suke yi da na'ura. Mai kaya ya sa hoto da farashin farawa da wa'adi. Wanda tayinsa ya fi idan wa'adi ya cika, shi ya saya. Kamfanin na cire kaso daga kuɗin cinikin, wato la'ada ke nan, sai dai a wuyan mai sayarwa take. Yana kuma karɓar kuɗi daga masu son a fifita tallarsu. Shafin Jiji, da ya karɓi harkar OLX ta Nijeriya a 2019, ba gwanjo yake ba, kuma ya fi dogara da wannan hanya ta biyu.

A manyan kasuwannin dabbobi na Jigawa, kamar Maigatari, waya ce ta shigo, ba shafin gwanjo ba. Dillali kan tura hoton dabba ta WhatsApp ga mai saye a Legas, a tura kuɗi ta banki, ya cire la'adarsa kafin a loda mota.